Sarƙar Mahaifiyata da Tarukan da Nake Zuwa: Mene Ne Hukunci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a nan Kano. Ina rubuce-rubuce a kan sana'o'in mata, shi ya sa ake yawan gayyatata taruka, wani lokaci a Gidan Mambayya, wani lokaci Abuja ko Legas, in yi jawabi a gaban maza da mata. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifiyata. Ina da 'yan kunnen gwal da ta ba ni ranar da za a kai ni ɗakin miji. Akwai kuma sarƙa da awarwaro huɗu da ta sayo a aikin Hajji, an jera tsohon murjanin kakarmu a jikin sarƙar. Waɗannan a jinyarta ta ƙarshe ta ce mini "naki ne", bayan sadakar bakwai na ɗauko su daga akwatinta. Na kai sarƙar da awarwaron an auna, gwal ɗin kaɗai giram 96. Mahaifinmu yana raye, ina da yayye maza biyu da ƙanwa ɗaya, ba wanda ya ce uffan.

Ba na zuwa taro sai da su, har an san ni da su. Sau ɗaya na manta, ranar kuwa jawabina ya dagule, tun daga nan nake jin kamar sa'ata a jikinsu take. Ya halatta in riƙa sa su a irin wannan taro? Akwai zakka a kaina? Kuma wani mai gwal ya ce in kawo awarwaron ya musanya mini da na yayi in yi ciko.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai haske kabarinta.

Kada kowa ya ce miki wannan shauƙin da kike ji raunin imani ne. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, cikin fursunonin da aka kama akwai Abul Asi ɗan Rabi'u, mijin Nana Zainab 'yar Manzon Allah (SAW). Zainab tana Makka, sai ta aiko da fansar mijinta, a ciki har da sarƙar da Nana Khadija ta ba ta lokacin da aka kai ta ɗakinsa. A lokacin Khadija ta yi kusan shekara biyar da rasuwa. Nana A'isha ta ce da Annabi (SAW) ya ga sarƙar sai tausayi mai tsanani ya kama shi, ya ce wa sahabbai in sun ga dama su sakar mata fursunanta, su mayar mata da kayanta. Suka amince. Abu Dawuda da Ahmad sun ruwaito. Mafificin halitta ya ga abin wuyan matarsa, zuciyarsa ta motsa. Ke ma taki ta motsa, ba laifi. Gwal kuwa halal ne ga mata, haram ga maza, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Musa al-Ash'ari da Tirmizi da Nasa'i suka fitar.

Amma ki sake duba ƙissar. Annabi (SAW) bai ce "sarƙar Khadija ce, a mayar" ba. Sai da ya nemi yardar masu haƙƙi a fansar, duk da shi ne shugaba, duk da 'yarsa ce. A nan zan daɗe, domin abin da ba ki tambaya ba ya fi nauyi a kan abin da kika tambaya.

'Yan kunnen naki ne, babu ja. An ba ki, kin karɓa, mai bayarwa tana da ƙoshin lafiya. Sarƙa da awarwaro daban ne. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya faɗa ciwon ajali ko ya mutu. A cikin Muwaɗɗa, Sayyidina Abubakar ya yi wa A'isha kyautar dabino wasƙi 20 (wani babban ma'aunin awo ne) daga gonarsa, ba ta kai ga girbewa ba har ajalinsa ya matso, sai ya ce mata da ta girbe ta karɓa da ya zama nata, amma yau ya zama dukiyar magada. A'isha ke nan, wadda ya ce ba wanda ya fi so ya ga ya wadata a bayansa kamar ita. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, kuma Annabi (SAW) ya ce babu wasiyya ga mai gado. Ke mai gado ce, kayan kuma suna akwatinta har ta cika. Saboda haka giram 96 ɗin nan gado ne, sai fa in sauran magada sun bar miki.

In iyayenta sun riga ta rasuwa, babu bashi, babu wata wasiyya, lissafin shi ne: mahaifinku yana da rubu'i, giram 24. Kowane yayanki giram 24. Ke da ƙanwarki giram 12 kowacce. Wato a awarwaro da sarƙar da kike hawa mumbari da su, kashi ɗaya cikin takwas ne naki.

Na san yadda muke a Kano. Uwa ta rasu, sai a ce kayan ɗaki da gwala-gwalai na 'ya'ya mata ne, namiji ya ji kunyar ya ce a raba sarƙar uwarsa, uba kuma ya kawar da kai don kara. Ƙanwa tana so, tana jin nauyin yaya. Sai shekara goma ta wuce, ranar wani biki ko wani rabon gida, maganar ta fito da ɗaci. Shirun kunya ba yafiya ba ne. Ki tara su, ki faɗa musu nauyin gwal ɗin da kuɗinsa a kasuwa yau, ba a dunƙule ba, domin wanda ya yafe abin da bai san yawansa ba yakan yi da-na-sani. Ki gaya musu abin da Hajiya ta ce. Wanda ya bar miki nasa, kyauta ce daga gare shi, Allah ya saka masa. Wanda ya ce yana so, ki biya shi ƙimar rabonsa hannu da hannu, ko ki ba shi gwal daidai nauyin, kada ki riƙe shi a rai. Ƙanwarki kuwa ki same ta ita kaɗai, ba a gaban yayye ba. A ganina, ko da kowa ya yafe, ki miƙa mata awarwaro ɗaya ko biyu. Ita ma uwarta ce. Sannan a rubuta, a sa shaidu biyu. Murjanin ma gado ne in ya riga ya zama mallakar mahaifiyarki, a yi masa kuɗi daban.

Sai batun sa'a. Ba zan kira ki mai shirka ba, amma kin tsaya a bakin wata ƙofa. Tunawa da uwa daban, dogara da ƙarfe daban. In kin taɓa sarƙar kin tuna tarbiyyarta, kin yi mata addu'a, hankalinki ya kwanta, wannan alheri ne. In kuwa zuciyarki ta fara cewa sarƙar ce take warware harshenki, rashinta ne ya dagula jawabin, to ta zama laya ko da ba a naɗe ta da fata ba. Ahmad ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amiru cewa wanda ya rataya tamima, wato laya, ya yi shirka, malamai kuma suka bayyana cewa ƙarami ne in ya ɗauke ta sababi, babba ne in ya ƙudurta ita da kanta take amfanarwa. Ranar da kika manta, abin da ya faru a fili yake: kin lura babu ita, gabanki ya faɗi, kika rikice. Faɗuwar gaban ce ta ɓata jawabin. Maganin da nake ba ki shi ne taro na gaba ki bar ta a gida da gangan. Ki shirya takardarki da kyau, ki karanta addu'ar Annabi Musa da ke Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, ta neman buɗa ƙirji da warware ƙullin harshe, ki hau ki yi maganarki. Ki maimaita har ki ji da ita da babu ita duk ɗaya ne a wajen nasara. Daga nan ki koma sawa.

Game da sawa a taron da ya haɗa maza da mata, asalin hukuncin yana Suratun Nur aya ta 31: mata kada su bayyana adonsu sai abin da ya bayyana, su yafa mayafansu a kan ƙirazansu. Ibnu Mas'ud ya fassara abin da ya bayyana da tufafi. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa fuska ce da tafin hannu, da kwalli da zobe. Mashhurin Malikiyya shi ne fuska da tafuka ba al'aura ba ne matuƙar ba a tsoron fitina. Don haka zobe mai sauƙi akwai yalwa a kansa. Wuya da kunne da damtse kuwa sai an rufe su ga wanda ba muharrami ba, abin da aka rataya musu yana bin su. Ki sa sarƙarki da 'yan kunnenki a ƙarƙashin hijabi ko mayafi mai kauri. Abin da kike nema daga gare su, wato ki ji uwarki kusa, kin samu, domin suna jikinki. Ɗora sarƙa a saman hijabi, da zame gyale don ɗan kunne ya leƙo, wannan fito da adon ne da ayar ta hana.

Awarwaron ya fi ba ni damuwa. Ƙarshen ayar ya hana mace buga ƙafa don a ji abin da ta ɓoye na ado, wato ƙarar ma ado ce. Na taɓa zama a wani taro wata baiwar Allah tana jawabi mai ma'ana, makirufo a hannun da ta jera awarwaro. Duk ɗaga hannu sai lasifika ta watsa kacau-kacau har bayan zaure, mutane suka bar sauraron magana suka koma kallon hannu. Ki sa ɗaya a kowane hannu yadda ba za su haɗu ba, cikin hannun riga, ko ki bar su. A taron mata zalla ki yi adonki yadda kike so, sai dai ki tuna mai ɗaukar hoton galibi namiji ne, kuma kafin ki iso gida hoton ya riga ki hawa Facebook.

Ba a ce ki fita a hargitse ba. Allah mai kyau ne, yana son kyau, haka yake a Sahihu Muslim. Mai magana a gaban jama'a ya kamata ta fito tsaf, ba kuma haramun ba ne a san ki da wani salo, ko launin mayafi ne ko rinin Ƙofar Mata, matuƙar ya suturta, ba shara-shara ba, ba kuma don a nuna ki da yatsa ba.

Zakka kuwa, in kayan sun tabbata naki kuma don sawa kike riƙe da su, babu zakka a mazhabar Malik, haka Shafi'i da Ahmad. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗe shi ƙarara, Muwaɗɗa kuma ta kawo cewa A'isha tana riƙon 'ya'yan ɗan'uwanta marayu masu kayan ado ba ta fitar musu da zakka, haka Ibnu Umar yake sa wa 'ya'yansa mata gwal ba ya fitarwa. Abu Hanifa ya wajabta, hujjarsa har da hadisin matar da ta zo da 'yarta da mundaye biyu masu kauri na zinare, Annabi (SAW) ya tambaye ta ko tana ba da zakkarsu. Fatawata a kan ta farko take. Sai dai niyya tana juya hukuncin: ranar da kika daina sawa kika ce ajiya ce don ɓacin rana, ko ya farfashe yadda ba ya gyaruwa sai an narke, ya zama dukiya. Nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85. In ya kai, shekara ta zagayo, sai ki fitar da ɗaya bisa arba'in, wato giram 2.4 a cikin 96, ko kuɗinsa a farashin ranar. Wadda ta fitar duk shekara don fita daga saɓani ta kyauta.

Musanyar da mai gwal ya kawo miki ba ta halatta, riba ce irin wadda shari'a ta haramta. Hadisin Ubada ɗan Samit a Muslim ya ce zinare da zinare sai daidai wa daida, hannu da hannu. Tsoho da sabo, na Saudiyya da na Dubai, duk a ma'auni ɗaya suke. Wani maƙeri ya bi Ibnu Umar yana neman ya halatta masa ƙarin nauyi a madadin aikin hannunsa, ya hana shi, wannan ma yana Muwaɗɗa. Hanya biyu ce tsarkakakkiya. Ko ki sayar da tsohon, kuɗin su shigo hannunki ko ki ga alat kafin ki tashi, ba tare da sharaɗin sai kin saya a wajensa ba, sannan ki sayi sabon ki biya nan take, ba bashi, ba biya kaɗan-kaɗan. In a wani shago ne ya fi kuɓuta. Ko kuma ki ba maƙeri gwal ɗinki ya narke ya ƙera miki daga shi ɗin, ki biya ladan aiki, a auna a gabanki kafin da bayan. Sarƙar kuwa in za a musanya ta da gwal sai an cire murjanin an auna gwal ɗin shi kaɗai, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Fadala ɗan Ubaidu a kan sarƙar da ya saya ranar Khaibar a dinari 12.

Duk wannan sai bayan kin gama da magada, domin ba a sayar da abin da ba a mallaka ba. Kuma in shawarata za ki bi, wannan ba hukunci ba ne, kada ki narkar da awarwaron. Yayi yana wucewa cikin shekara biyu, wanda ya goge a hannun Hajiya kuwa in ya shiga wuta ba mai dawo miki da shi.

Wallahu a'alam.