Ba Kowane "To" Ne Yarda Ba

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambayi kawunka kafin ka yanke wa kowa hukunci. Ka ce an zauna kan maganar sayar da gidan kakanku na Tudun Wada, kowa ya ce "to", baffanninka suka ce baki ya zo ɗaya, aka shafa Fatiha aka tashi. Da aka kai wa gwaggonka takarda ta sa hannu, sai ta ce ita fa ba ta yarda ba. Kana tambaya, a al'adarmu yaushe ake cewa an yarda, kuma wanda ya yi shiru a taro yana da bakin magana daga baya?

Yana da shi. Gwaggonka ba ta karya alkawari ba, domin ba ta ɗauka ba tun farko. Mace a gaban yayyenta maza, ga surukai, ga 'ya'yan cikinta a zaune, me kake so ta ce? "To" ɗin nan na kunya ne da kawaici, iyakarsa "na ji". Mutum kan yi biyayya ransa bai so ba, yakan yi haƙuri don kada a ce shi ya ɓata zumunci, yakan yi kara don girman wanda ya kawo maganar. Duk halaye ne masu kyau, amma ba a sayar da rabon gadon mutum a kansu. Ko da kasonta rabin na namiji ne, nata ne, sai ta sallama da bakinta.

Je ka Zangon shanu gab da Babbar Sallah ka tsaya kusa da dillali. Mai saye zai taya, mai dabba ya ce "albarka". A ƙara, ya sake cewa "albarka", yana murmushi, ana raha. Ba wanda zai kama igiya ya ja don ya ga murmushi. Sai an ji "na sallama" a gaban shaidu, sannan kuɗi ya fito, dillali ya karɓi la'adarsa. In rago ya sami wannan, ina ga gidan da aka haifi mutum a ciki?

Abin da baffanninka suka tsallake shi ne aikin da ake yi kafin taro. Iyayenmu ba sa kiran zama su jefa magana a tsakiya. Sai babban gida ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, wannan a zaure bayan sallar isha'i, wancan a hanyar dawowa daga masallaci. Mata kuwa ba namiji ake tura musu ba, tsohuwa ake samu ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, a yi hirar duniya, can sai maganar ta fito da kanta. Abin da kowa ya faɗa a ɓoye shi ake ɗinkewa, a rage nan a ƙara can. Ranar taro ana zuwa ne a shaida abin da aka riga aka daidaita, a raba goro, a yi addu'a. Shi ya sa za ka ga taron dattawa gajere ne, ka ɗauka ba su yi shawara ba, alhali an yi makonni ana yinta.

Na san wani zai kawo maka hadisin da ya ce shirun budurwa izininta ne. Gaskiya ne, amma sai an tambaye ta tukuna, kuma malamai sun yi bayani cewa in alamar ƙi ta bayyana to ba izini ba ne. A Buhari akwai labarin Khansa'u 'yar Khizam, bazawara, da mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Annabi (SAW) ya warware auren. Allah ya ce sulhu alheri ne a Suratun Nisa'i, aya ta 128, sai dai sulhu tsakanin mutum biyu ake yinsa, kowa da bakinsa.

Kai kanka ka ce akwai abin da bai kwanta maka ba a zaman, ka haɗiye don kai yaro ne. Ka yi daidai da ba ka tari numfashin baffanninka a bainar jama'a ba. Amma al'ada ba ta toshe wa ƙarami hanya ba. Akwai kaka, wadda wasan jika ya ba ka damar gaya mata abin da ba za ka iya gaya wa mahaifinka ba. Akwai taubashi, akwai aminin uba, akwai kawu irina da ba ni da ko taku ɗaya a gidan. Ka faɗa mana, mu kai a matsayin tamu. Haka gwaggonka: a je mata ba da takarda a hannu ba, a ji dalilinta. Mai yiwuwa kuɗin ne, mai yiwuwa ɗakin mahaifiyarta ne ba ta son a rushe. In abin ya fi ƙarfin gida akwai limami da mai unguwa, gaban alƙali shi ne ƙarshe, don 'yan'uwa in suka tsaya a kotu da wuya su sake cin tuwo a kwano ɗaya.

Mu da muka zauna garin nan na Kaduna mun ga wannan da girmansa. Bayan rikicin shekarar 2000, shugabannin Musulmi da na Kirista 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ranar 22 ga Agusta 2002, lokacin Gwamna Ahmed Makarfi. Aiki ne mai kyau, ba na raina shi. Amma a watan Nuwamba na wannan shekara aka sake zubar da jini, domin sa hannun manya bai riga ya sauka cikin unguwanni ba. Abin da ya fi tasiri a ganina shi ne irin zirga-zirgar Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda da suna gāba da juna, faston ya rasa hannu, limamin kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwa a rikicin 1992, suka dawo suna bin matasa suna sauraronsu.

Maganar da kuka kawo ta a jefa ƙuri'a a zauren WhatsApp na dangi, ku bar ta. Rabin tsofaffin ba sa ciki, waɗanda ke ciki kuma jikoki ke karanta musu, kuma rinjaye ba ya halatta haƙƙin ko da mutum ɗaya. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo Kawo wurin babban baffanku, ka zo ka ɗauke ni bayan la'asar. Ka gaida mahaifiyarka da yaran.