Me Ya Sa Ƙofar Wakilin Talakawan Rum Ba Ta Rufuwa?

'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Kin tambaye ni me ya sa Rumawan farko suka hana wakilin talakawa rufe ƙofar gidansa dare da rana, suka kuma haramta a ɗaga masa hannu. Bashi ne ya haifi wannan al'ada.

Da suka kori sarkinsu na ƙarshe, Tarkwiniyas, a shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai suka koma zaɓen shugabanni biyu duk shekara, ana ce musu konsul. Amma mulki ya zauna a hannun 'ya'yan manyan gidaje. Talaka ne ke barin gona ya tafi yaƙi, ya dawo rumbu wayam, ya ci bashi, in ya kasa biya mai bin sa ya ɗaure shi ya sa shi bauta. A 494 tura ta kai bango. Talakawa suka fice daga birnin, suka yi sansani a kan wani tudu, suka ce babu mai ƙara ɗaukar mashi. Birnin da maƙiya suka kewaye ba ya zama babu mayaƙa, dole manya suka nemi sulhu.

A nan talakawa suka samu wakilansu, tiribun, su ke zaɓar abinsu. Suka yi rantsuwa cewa duk wanda ya taɓa tiribun jininsa ya halatta. Ko konsul ne ya kama mutum, tiribun na iya shiga tsakani ya ce a sake shi. To wanda aka zo kamawa tsakar dare, ina zai nufa in ƙofar a rufe take? Shi ya sa ba a yarda tiribun ya kwana a wajen birni ba.

Sauran haƙƙoƙi da jan ƙafa suka zo. Aka rubuta dokoki a alluna 12 wajajen 450, aka halatta auratayya tsakanin ɓangarorin biyu a 445, aka buɗe wa talakawa kujerar konsul a 367, sai a 287 shawarar taronsu ta zama doka a kan kowa.

Abin da ke damuna, 'yata, shi ne yadda ake zaɓen konsul ɗin. An kasa jama'a rukuni 193 bisa dukiya, kowane rukuni ƙuri'a ɗaya. Mawadata na da 98, su ke fara jefawa, da an samu rinjaye a tashi taro. Waɗanda ba su da komai, duk yawansu, rukuni ɗaya aka tara su, kuma da wuya layi ya kai kansu.