Ana iya cike fadama a biya diyya da wata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa a Amurka kamfani kan cike fadama ya yi gini, ya biya kuɗi a "bankin fadama", shi ke nan ya fita. Yaya abin yake, kuma zai yiwu a fadamarmu ta Rima? Daga manomin shinkafa a Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bankin nan ba na ajiyar kuɗi ba ne. Fili ne, galibi tsohuwar fadama da ta ƙafe, wani ya saya ya toshe magudanan da aka haƙa, ruwa ya dawo ya kwanta, ya dasa ciyayin asalin wurin. Hukuma ta auna, ta ba shi kiredit, wato makin gyaran fadama, gwargwadon eka da ingancin gyaran. Kiredit ɗin nan yake sayar wa kamfanin da zai cike wata fadamar.

Tushen abin sashe na 404 ne na dokar tsaftar ruwa ta 1972, kuma injiniyoyin sojan Amurka ke ba da izinin cikewa. Kafin a zo maganar saye, sai kamfani ya nuna ba yadda zai kauce wa fadamar, kuma ya rage ɓarna iya ƙoƙarinsa. Abin da ya saura ake biya. A misali, in ya cike eka 2 aka yanka masa biyu a kan ɗaya, kiredit na eka 4 zai saya, kuma a yankin da aka shata wa bankin, yawanci kwarin kogi ɗaya.

Ba a sakar wa mai banki kiredit ɗinsa lokaci guda. Kaɗan-kaɗan ne, duk sanda ya cika sharaɗi. Wata ƙa'ida da hukumomin Amurka suka fitar a 2008 ta wajabta sa ido na aƙalla shekara 5, da ajiye kuɗin jingina, da takardar da ke kare filin daga gini.

Inda gizo ke saƙa shi ne ruwa. In aka zurfafa haƙa, tafki za a samu, ba fadama ba. In ruwa ya zauna shekara bai janye ba, kachalla ta mamaye ta kashe sauran ciyayi. Rahoton masana na 2001 a Amurka ya nuna ayyukan diyya ba su mayar da dukan amfanin fadamun da aka rasa ba.

A nan gida, dokar auna tasirin ayyuka kan muhalli ta 1992 muke da ita, ba kasuwar kiredit ba. Ko an kafa, mu a ganinmu tambayar farko ita ce: wa zai ci moriyar sabuwar fadamar? Dubi dam ɗin Bakolori da aka gama a 1978: ambaliyar da ke shayar da gonakin ƙasa da shi ta ragu, manoman shinkafa da masunta suka ji a jikinsu. In aka cike fadamar Argungu aka gyara wata a Yauri, lissafi ya cika a takarda, amma kai da makiyayin da ke shayar da shanunsa da rani ba za ku bi ta can ba.