Hilux na farin hayaƙi tun da aka canja bel: a saita famfon mai da kunne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux mai injin 3L, ina ɗauko doya da ita daga Techiman zuwa Kumasi. Mako uku ke nan da aka canja mata bel ɗin taimin a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi. Tun ranar ba ta tashi da wuri da safe, sai farin hayaƙi mai yaji a ido. In ta ɗauki kaya kuma ba ta jan tudu kamar da, allurar zafi na ɗagawa. Fita, wato makanike, ya ce in kawo ya ɗan juya famfon mai, da kunne zai gane inda ya zauna daidai. In yarda? Daga wani mai mota a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a taɓa famfon tukuna. Abubuwan da ka lissafa duka alamun mai ne da ke shiga inji a makare, kuma tunda ranar da aka canja bel suka fara, wurin bel ɗin za a fara dubawa.

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, sai nozul ta fesa mai daf da lokacin da fistin zai kai ƙololuwa, man ya kama da kansa. In feshin ya makara, fistin ya riga ya juya ƙasa kafin wutar ta kama sosai. Wani man ya fita ta salansa bai ƙone ba, shi ne farin hayaƙin da ke sa ka hawaye. Wani kuma ya ƙone a makare, maimakon ya tura fistin sai zafinsa ya tafi kan inji da lagireto. Ƙarfi ya ragu, allura ta hau.

A injin 3L bel ɗaya ne ke haɗa karanshaf da kamshaf da famfo, kowane fuli da alamarsa. Fulin famfo ba ya son tsayawa a kan alama, yana iya zamewa da kansa lokacin da ake ɗora bel, don akwai sifirin a ciki da ke tura shi. In mai aiki bai lura ba sai a tafi da haƙori ɗaya a kuskure, kuma haƙori ɗaya ya haura digiri 10 na juyin karanshaf. Ramukan da ake karkata famfo a kansu an yi su ne don ɗan gyara kaɗan. Duk wanda ya ce zai cike giɓin haƙori guda da su, zai tura famfon har ƙarshe ne kuma motar ba za ta dawo daidai ba.

Don haka a cire murfin bel, a sa sifana a juya karanshaf da hannu yadda agogo ke tafiya, zagaye biyu cif, a tsaya a kan alama. Ka leƙa da idonka: tsagar kamshaf da ta famfo su tsaya daidai da alamomin da ke jikin inji. In ɗaya ta kauce, a sassauta tenshina mai ɗame bel, a sake ɗora bel, a kuma sake juyi biyu a duba. Da hannu, ba da makulli ba, domin in kamshaf ne ya kauce da yawa bawul na iya haɗuwa da fistin. A duba ɗan makullin da ke riƙe fulin karanshaf ma, in ya ci alamar za ta yi maka ƙarya.

In alamu sun zauna amma hayaƙin na nan, sai a zo awo. Famfon wannan mota irin mai kai ɗaya ne, bututu huɗu na fita ta bayansa, a tsakiyarsu akwai ƙaramin noti. A wanke wurin tas, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta lalata famfo. A cire notin a ɗaura geji mai agogo. A kai silinda ta 1 ƙololuwa, a mayar da karanshaf baya kamar digiri 25 zuwa 30 har allurar gejin ta daina motsi, a sa ta a sifiri. Sannan a juyo gaba a hankali zuwa alama, a karanta. A irin waɗannan injinan adadin yakan faɗa tsakanin rabin milimita da milimita 1, amma kowane inji da nasa: na 3L dabam, na 5L dabam, na TD27 na Nissan dabam. A ɗauko shi daga littafin motar. In famfon na da na'urar tashin sanyi a gefensa, dole a kashe aikinta kafin awo, in ba haka ba gejin zai nuna fiye da gaskiya.

Gyaran kansa ba wuya. A sassauta notin bututu huɗu, da noti biyu na gaban famfo, da maɗaurin baya wanda ake yawan mantawa da shi. A karkata famfon kaɗan kaɗan ana kallon geji: adadi ya hau, mai zai shiga da wuri, ya sauka, zai makara. A ɗaure, a sake awo daga farko, don ɗaurin kansa na iya gusar da shi. A mayar da notin da sabuwar washa, a fitar da iska, a tayar a duba yoyo.

Kuskuren da aka yarda da shi a nan bai kai kaurin gashin kai biyu ba, kunne kuwa ba ya jin wannan. Abin da ya fi damuna da saitin kunne shi ne kusan kullum gaba ake turawa, saboda motar na tashi da bugu ɗaya, hayaƙi ya ɗauke, mai mota ya tafi da murna. Amma man da ya kama tun fistin na hawa, dukansa yake yi a ka. Za ka ji inji na ƙwanƙwasa kamar ana buga guduma a kan ƙarfe. Wata biyu, wata uku da lodin doya, sai gaskit ya ƙone, ko kan inji ya tsage, ko biyarin ya tafi. Kuɗin wannan ya ninka na awo sau da yawa, kuma a Suame akwai masu aikin famfo da ke da gejin.

Akwai abubuwan da ke kwaikwayon wannan ciwo. Filta da ta toshe na rage matsin mai a cikin famfo, kuma da wannan matsin ne famfon ke ƙara gaggauta feshi idan inji ya ɗau gudu, sai mota ta rasa ƙarfi a tudu ko da saitin na daidai. Iska a layin mai, nozul mai ɗiga, ko hitar ɗumama inji da ta mutu duk suna kawo farin hayaƙin safe. Ka shinshina shi: in yana yaji, ɗanyen mai ne. In kamar tururi ne, ruwa na raguwa a lagireto kuma yana kumfa, gaskit ne, wannan wata magana ce dabam.

Masu Hilux D-4D kuma, mai injin 1KD ko 2KD, wannan bayani ba nasu ba ne. Kwamfuta ce ke yanke lokacin feshi, juya famfo ba ya canja shi, sai a sa na'ura a karanta.

Kafin a gama wannan bincike, Malam, ka rage lodi kuma ka sa ido kan allurar zafi. In an gama saiti da geji, a ja layi da kurfi daga jikin famfo zuwa inda ya zauna, ka kuma rubuta kilomitar da aka sa bel ɗin, don a 100,000 ake sake shi.