An yi wa maiɗakina maganin taifot alhali ciki ne a wajen mahaifa: ina da damar kai ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maiɗakina ta yi fama da ciwon mara da jiri, al'adarta kuma ta yi jinkiri. Na kai ta babban asibitin gwamnatin jiha da ke garinmu, aka gwada jininta, aka ce taifot ne da maleriya, aka rubuta magani muka koma gida. Bayan kwana huɗu muka sake komawa saboda ciwon ya tsananta har tana ganin ɗigon jini, amma magani kawai aka canja mata. Kwana biyu bayan haka ta yanke jiki ta faɗi, muka garzaya wani asibitin, inda aka gano ciki ne ya zauna a wajen mahaifa har ya fashe. An yi mata tiyata, an cire bututun mahaifa ɗaya, an ƙara mata jini. Yau mako bakwai ke nan. Dangi suna cewa ƙaddara ce, in bar wa Allah. Shin doka ta ba ni damar neman hakkinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa maiɗakinka lafiya. Doka ta buɗe wannan ƙofa, amma ba za ta daɗe a buɗe ba, don haka zan fara da maganar lokaci. Dokar kare jami'an gwamnati, wadda tarayya take da ita kuma jihohi da dama suke da irinta, ta ce duk wanda zai yi ƙarar jami'in gwamnati kan abin da ya aikata, ko ya kasa aikatawa, a bakin aikinsa, sai ya shigar da ƙarar cikin wata uku. A 1998 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan kariya ta haɗa har da hukumomin gwamnati, ba ma'aikata kaɗai ba. Dokar ta yi togaciya ga cutarwar da take ci gaba da aukuwa, sai dai kotuna sun fi fassara wannan da ci gaban aikin da ya jawo cutar, ba ci gaban raɗaɗinta ba, saboda haka ba na ba ka shawarar dogara da ita. Idan aka ƙirga daga ranar da kuka fara zuwa asibitin, kusan wata biyu sun riga sun wuce. Ban da haka, dokokin da suka kafa wasu hukumomi sun wajabta a aika musu takardar sanarwa kafin a maka su a kotu, kuma wannan ma yana cin kwanaki. Ya kamata ku ga lauya a cikin makon nan.

Ka kuma sani cewa ƙarar ta maiɗakinka ce. Jikinta ne ya cutu, da sunanta za a shigar da ƙara, kuma bayanan da ke cikin fayil ɗinta sirrinta ne a ƙarƙashin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Kai mai tsaya mata ne kuma shaida, amma sai da yardarta za a motsa.

Game da ainihin shari'ar, kuskuren gano cuta shi kaɗai bai zama sakaci ba a idon doka. Cututtuka suna kama da juna, kuma likita mai kula yana iya yin duk abin da ya kamata amma cutar ta ɓoye masa. Ma'aunin da kotunan Najeriya suke bi ya samo asali ne daga shari'ar Bolam da aka yanke a Ingila a 1957: ana tambaya ko likitan ya yi abin da wani rukuni na ƙwararrun likitoci masu sanin ya kamata zai amince da shi a irin wannan hali. Kotu ba ta neman ya zama gwanin gwanaye. Abin da take dubawa shi ne ko ya yi tambayoyin da ake yi, ya duba marar lafiya yadda ake dubawa, ya nemi gwajin da alamomin suka nuna, ya kuma sake tunani lokacin da maganin farko bai yi aiki ba.

A nan ne nake ganin labarinka yana da nauyi. Abu ne da ake koya wa kowane ɗalibin likitanci cewa matar da take cikin shekarun haihuwa, idan ta zo da ciwon mara da jinkirin al'ada, ana fara kawar da yiwuwar ciki a wajen mahaifa kafin a tafi ga wani zato, kuma gwajin fitsari mai arha da hoton ciki suna isa su nuna hanya. Gwajin Widal kuwa, wanda shi aka fi dogara da shi a asibitocinmu wajen cewa mutum yana da taifot, likitoci sun san yana yawan nuna cutar a jikin wanda ba shi da ita, musamman a yankunan da taifot ya zama ruwan dare. Zuwa na biyu ya fi na farko muhimmanci, domin a lokacin an ƙara samun jini, ciwo ya ƙaru, magani bai yi ba. Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan abin da aka rubuta. Idan katinta ya nuna ta faɗi batun al'ada da jinin amma ba a nemi gwajin ciki ba, hujjarku ta yi ƙarfi. Idan ba a rubuta komai a kai ba, za a yi jayayya kan ko ita ce ba ta faɗa ba ko kuma ba a tambaye ta ba, ko da yake rashin tambayar ma abin tuhuma ne.

Mataki na biyu, wanda a kansa ƙararraki da yawa suke faɗuwa, shi ne tabbatar da cewa sakacin ne ya jawo cutarwar. Akwai sananniyar shari'ar Barnett a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, inda likita ya ƙi fitowa ya duba wani mai gadi da ya sha shayi mai guba, mutumin ya mutu, kotu ta yarda an yi sakaci amma ta ƙi ba da diyya saboda shaida ta nuna ko an duba shi ba za a iya ceto shi ba. Lauyan asibiti zai ce ko da an gano cikin a ranar farko, mai yiwuwa sai an cire bututun. Amsarku ita ce gano shi da wuri yakan ba da damar yin magani da allura ko tiyata cikin natsuwa, ba tare da fashewa da zubar jini da suka kusa kai ta lahira ba. Wannan magana ba ku za ku faɗe ta ba, ba kuma lauya ba: likitan mata ne zai karanta fayil ya faɗe ta a gaban alƙali. A shari'ar Ojo da Gharoro ta 2006, guntun allurar ɗinki ya karye ya zauna a cikin wata mata bayan tiyata, amma Kotun Ƙoli ta ce ba a tabbatar da sakaci ba, domin likitocin sun yi bayanin da ba a rushe shi da wata hujja ba. Samun likitan da zai ba da shaida a kan ɗan'uwansa yana da wuya a ƙasar nan, kuma gara ku san haka tun yanzu.

Baya ga kotu, akwai Majalisar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN. Ana kai mata koke ne da takardar rantsuwa, kwamitinta na bincike ya duba, idan ya ga akwai abin amsawa ya tura wa kotun ladabtarwa, wadda take iya yi wa likita gargaɗi, ko dakatar da shi, ko soke sunansa daga rajista. Wannan hanya ba ta ba da ko sisin kwabo na diyya, kuma ba ta tsayar da ƙirgen wata ukun nan. Ku kuma tabbatar da ko wane ne ya duba ta, domin a asibitoci da dama wanda ake kira likita ma'aikacin jinya ne ko jami'in lafiyar al'umma, kuma kowannensu da hukumar da take kula da shi. A ƙarar diyya kuwa, wadda za ta je Babbar Kotun Jiha, ana haɗa hukumar da take kula da asibitin, tunda mai ɗaukar ma'aikaci yana ɗaukar alhakin sakacin da ma'aikacin ya yi a bakin aiki.

Maganar dangi ina girmama ta, kuma yafiya zaɓi ne mai lada idan maiɗakinka ta zaɓe ta da kanta. Amma imani da ƙaddara bai taɓa soke lamuni ba a fiƙihu. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa mai magani idan ya yi kaciya ya yanke kan gaba, diyya ta wajaba, kuma ana lissafa hakan cikin kuskuren da danginsa na wajen uba suke ɗauka. Don haka wanda ya nemi hakkinsa bai yi jayayya da hukuncin Allah ba.

Abin da za ku yi yanzu shi ne maiɗakinka ta rubuta wa shugaban kowane asibiti takardar neman kwafin bayananta, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa; kundin hakkokin marasa lafiya da aka ƙaddamar a 2018 ya ambaci wannan hakki. Rahoton tiyata na asibiti na biyu shi ne mafi daraja. Ku tattara kati, takardun magani, sakamakon gwaji da kowane rasit, domin kuɗin da aka kashe sai an lissafa shi dalla-dalla an kawo hujjarsa, saɓanin diyyar wahala da rashin gaɓa wadda alƙali yake ƙiyastawa. Idan kuɗin lauya ya yi muku nauyi, ku tuntuɓi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko reshen ƙungiyar lauyoyi na garinku. Idan asibitin ya nemi sulhu ku saurara, domin shari'a takan ɗauki shekaru kuma karɓar kuɗi daga asusun gwamnati bayan hukunci wata gwagwarmaya ce daban, amma kada zaman sulhu ya hana shigar da ƙara a kan lokaci. Kafin nan, ku guji rubuta sunan likitan ko na asibitin a Facebook da zarge-zargen da ba a tabbatar ba, domin hakan yana iya jawo muku ƙarar ɓata suna.