Dalilin gwada DNA wajen gano tsutsotsin saiwa

Malam, ka tambayi abin da ya sa masu bincike ke gwada DNA, wato sinadarin gado na halitta, don tantance tsutsotsin nematod masu lalata amfanin gona, alhali ga madubin likita. Dalilin shi ne kamanninsu na ruɗarwa. Tsutsotsin Meloidogyne masu haddasa ƙulli a saiwar tumatir, musamman jinsunan incognita da javanica da arenaria, sun yi kama da juna ƙwarai, har a da sai an zaƙulo macen daga cikin ƙullin, a yanke ƙarshen jikinta, a duba zanen fatar wurin, aikin da ko gwani yakan ruɗe a cikinsa.

Yanzu ana murƙushe tsutsa guda, a ninka wani yanki na DNA ɗinta ta hanyar PCR (dabarar yin kwafin DNA da yawa a ɗakin gwaji), a karanta jerin sinadaransa, sannan a kwatanta jerin da na GenBank, ma'ajiyar jerin DNA da ke intanet. Yankin DNA da ake kira ITS ya wadatar wajen bambance jinsuna da dama, amma waɗannan ukun sai an koma ga wani yankin DNA mai suna nad5, domin bambancinsu kaɗan ne.

A gona ake ganin amfanin. Irin tumatir mai ƙwayar gado ta Mi yana jure wa ukun nan, amma wani jinsin Meloidogyne mai suna enterolobii yana cin saiwarsa ba wani cikas, don haka wanda bai san jinsin da ke ƙasarsa ba zai iya sayen irin a banza. A ganina gwajin bai isa shi kaɗai ba, tunda PCR na iya kama DNA ɗin matacciyar tsutsa ma, saboda haka har yanzu sai an tono saiwa an duba.