Ƙashin kan babba ba ya tofowa bayan an cire shi

Tambaya: Likita, maigidana ya yi hatsarin babur a hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi. An yi masa aiki a Sakkwato, aka cire wani ɓangare na ƙashin kansa. Yanzu wurin ya lotsa, in ya yi tari har motsi yake. An ce za a ƙera masa murfi da kwamfuta, surukata kuma ta dage a kai shi wurin maɗori, wai ƙashin zai tofo. Ko barci ba na iyawa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara masa sauƙi. Lotsawar da motsin ba baƙon abu ba ne bayan irin wannan aiki. Za a ɗauki hoton kansa da na'urar CT, yanka-yanka sirara, kowane kamar milimita 1. Kwamfuta ta haɗa su ta fito da siffar ƙoƙon kan, sannan ta kwaikwayi gefen da yake lafiya ta zana murfin da zai zauna daram a ramin. Da ƙarfen titaniyam ake ƙera shi ko da robar PEEK, a ɗaure da 'yan kusoshi. In kuɗi sun gaza, akwai simintin ƙashi, wato wata roba da likita ke kwaɓawa ta daskare, shi ma yana aiki. Galibi akan jira kamar wata 3, sai kumburi ya saɓe kuma miki ya warke sarai.

Batun maɗori kuwa, wallahi ya ishe ni. Ƙashin da aka cire wa babban mutum, mai faɗin tafin hannu ko fiye, ba ya tofowa, ko shekara nawa za a yi. Ƙananan yara ne kawai ake ganin nasu yana ɗan cikowa. Maɗori karaya biyu yake haɗawa, to a nan me zai haɗa? Tsakanin yatsansa da ƙwaƙwalwar mijinki babu komai sai fata, ɗan nama da tantani. Zai danna, ya tsattsaga, ya shafe da baƙin magani, ya ɗaure tamau da tsumma. Sai a dawo mana da mutum da zazzaɓi, ruwa na tsattsafowa daga ɗinki, wani har da farfaɗiya. Murfin da ake shirin sawa ma dole a ɗage sa shi ke nan, don ba ma ɗora shi a kan mugunya, sai a koma jiran watanni.

Ki lallaɓa Hajiya, ku je asibiti tare ta ga hoton da idonta. Kafin ranar aikin kada ya kwanta a kan gefen, kada ya hau babur. In ya fara amai, magagi, ko hannu ko ƙafa suka saki, a kai shi asibiti a ranar.